Kafin Ku Kwance Noti: Nasiha Ga Matasa Masu Keken Hawan Dutse

Ƙannena, na ga keken hawan dutse ya kama ku, kuma ban ga laifinku ba. Duk wanda ya taɓa sako shi daga kan tudu, ya ji yadda ƙatuwar tayar nan take haɗiye tsakuwa da ramuka ba tare da haƙoransa sun kaɗa ba, da wuya ya sake kallon keke a matsayin abin zuwa cefane kawai. Yawancinku na hannu kuka saya, irin waɗanda ake sauke su daga kwantena, wasu da sauran ƙarfinsu, wasu kuwa fenti ne kawai ya rufa musu asiri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da nake gani a tsakaninku. Saurayi zai sayi keke yau, kafin ya san laifinsa ko alherinsa ya riga ya kwana yana kallon bidiyon Turawa a YouTube, gari na wayewa ya fara lissafin abin da zai cire da abin da zai sa. Wata biyu bayan nan sai ka tarar da keken a jingine a zaure, ƙafar baya a gefe guda, ana jiran wani ƙarfe da aka yi oda wanda ko ya iso ba lallai ya shiga ba.

Bari in fara da waɗanda suka ƙirƙiro wannan harka, domin tarihinsu yana da amfani gare ku. A shekarun 1970, a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, wasu samari suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi da kaurin taya, waɗanda kowa ya yar, suna hawa da su duwatsun yankin. Ranar 21 ga Oktoban 1976 suka fara wata gasar gangara kusa da garin Fairfax, hanya ce ta kusan kilomita 3 da take sauka kimanin mita 400. Birkin waɗannan kekuna a cibiyar ƙafar baya yake, irin wanda ake taka feda baya ya kama. Kafin mutum ya iso ƙasa giris ɗin ciki ya ƙone yana hayaƙi, dole a kwance a sake cusa wani, abin da ya sa gasar ta samu sunan Repack. Daga wannan wahala suka fara dasa birki mai ƙarfi da hannun birkin babur, sannan giya don su iya hawa da kansu ba sai mota ta kai su sama ba. Da firam ya riƙa karyewa, Joe Breeze ya zauna a 1977 ya haɗa sabo musamman domin dutse. Gary Fisher da Charlie Kelly suka buɗe kamfani a 1979 suna sayar da firam ɗin da Tom Ritchey yake haɗawa, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper ya kai shi kantuna. Har da mace a cikinsu, Wende Cragg, wadda ta yi tseren tare da su kuma ta ɗauki yawancin hotunan da ake tunawa da zamanin. Shekara ashirin bayan gasar farko, a 1996, wasan ya shiga Olamfik a birnin Atlanta.

Ku lura da yadda abin ya tafi. Babu wanda a cikinsu ya canza ƙarfe don ya ga wani ya canza. Dutsen ne ya riƙa nuna musu inda keken ya gaza, su kuma suna gyara wurin. Ku ma haka nake so ku yi. Ka hau kekenka yadda ka saye shi na tsawon wata biyu ko uku, a kan hanyoyin da kake bi da gaske, ka bar shi ya gaya maka ciwonsa. In an tambaye ka me ya sa za ka canza abu kaza, ya kasance kana da amsa irin ta wanda ya sha wuya: birki yana sakina a gangaren wuri kaza, ko giya tana ƙare mini a tsakiyar hawa. Wanda amsarsa ita ce wai na ga ana yayi, to kuɗinsa ne ke masa ƙaiƙayi.

Akwai ma gyaran da ba ya cin ko sisi, kuma ya fi rabin abin da kuke saya amfani. Tsayin sirdi na farko. Ka zauna, ka ɗora diddigenka a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sarai. Idan ka mayar da tafin ƙafa inda ya saba zama, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, nan ne daidai. Da yawa masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa. Na biyu iskar taya. Mun gaji al'adar a buga wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse, a ƙwanƙwasa da yatsa a ji tana amsawa. Wannan ya dace da tsohon Raleigh da ya ɗauko buhu biyu a kan kwalta. A kan tsakuwa da burji, taya mai tauri tsalle take yi, ba ta kama ƙasa, kuma duk dukan da ta sha a hannunka yake ƙarewa. Masu taya marar tub sukan tsaya tsakanin 20 da 30 a ma'aunin psi gwargwadon nauyinsu, mai tub kuma ya ɗan ƙara don kada dutse ya matse tub ɗin da rim ya huda shi wuri biyu. Na uku, in shokazobarka ta iska ce, ka daidaita ta yadda in ka hau za ta nutse kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tsawon tafiyarta a gaba, kashi ɗaya cikin huɗu ko ɗan fiye a baya.

In kuɗi ya zo hannu, taya ce farkon wurin da zan kai shi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin ƙasarmu ƙasar ƙaya ce. Turawan da kuke kallo laka da saiwar itace suke fama da su. Mu kuwa tsidau ne a shimfiɗe a kan hanya yana jira, ga ƙayar aduwa, ga ta bagaruwa da farar ƙaya inda aka yi shinge ko makiyaya suka sassaro reshe suka bari. Mutum zai iya faci uku kafin azahar. Maganin da ya fi aiki shi ne taya marar tub, wadda ake zuba mata wani farin ruwa mai danƙo a ciki. Ƙaya na shiga, iska ta turo ruwan bakin hujin ya daskare, kai ba ka ma sani ba. Kamfanin Mavic ya fito da tsarin taya marar tub a 1999, yanzu kuma kusan duk mai hawan dutse da gaske shi yake amfani da shi. Amma sai rim da tayar duka sun kasance irin waɗanda aka yi domin haka. Kada ka tilasta wa tsohon rim abin da ba a gina shi a kai ba, taya tana iya fita daga bakinsa kana cikin kwana. Kuma ruwan yana bushewa. A zafin Maris da Afrilu irin namu bai kamata ka wuce wata biyu ba ka duba shi ba: ka cire ƙafar ka girgiza kusa da kunne, in ba ka ji motsin ruwa ba, ya zama roba. Wanda rim ɗinsa bai dace ba, ya nemi taya mai kaurin baya, ya zuba ruwan a cikin tub ɗin kansa in bawul ɗinsa mai kwancewa ne. Bai kai wancan ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Kafin ka sayi taya ka durƙusa ka karanta lambar da ke gefen wadda kake da ita. Girma uku ne a kekunan dutse: inci 26, da 27.5, da 29. Kusa da wannan akwai wata lamba da ba ta ƙarya, wato faɗin da'irar rim a milimita: 559, ko 584, ko 622. Ga abin da yake ruɗa mutane: tayar tsohon keken nan na iyayenmu da ake kira inci 28 lambarta 635, wato ta fi ta inci 29 girma. Saboda haka kada mai shago ya ce maka ai kusan ɗaya ne. Sannan ka yi tunanin inda za ka. Inci 29 ta fi daɗin haye duwatsu, amma in ta yage maka a wani ƙauye, tayar inci 26 ce ka fi sa ran samu a kasuwar mako. Wannan kaɗai ya isa ya sa matafiyi ya riƙe tsohon kekensa mai 26 da daraja, ko da abokai suna masa dariya.

Sai birki, wanda shi ne rai. Iri uku za ku tarar: mai kama rim da roba, mai faifai da ake ja da waya, da mai faifai da ke aiki da mai. Na ukun ya fi kamawa da yatsa ɗaya, babu musu. Amma ku ji wannan da kyau, don nan ake yawan yin ɓarna: man birkin keke iri biyu ne kuma ba sa haɗuwa. Shimano man ma'adini yake amfani da shi. Yawancin birkin SRAM da Avid da za ku samu a kekunan hannu kuwa man DOT suke sha, irin na mota. Ka kai birkin Shimano wurin bakaniken babur, shi kuma da kyakkyawar niyya ya ɗauko man birkin mota ya ɗura, robobin ciki za su kumbura, birkin ya tashi daga aiki gaba ɗaya. Akan rubuta irin man a kan murfin da ke jikin hannun birki. Ka karanta, ka tsaya a kan mai gyaran har ya gama. A ra'ayina, wanda zai yi doguwar tafiya cikin karkara, birkin faifai mai waya ya fi masa kwanciyar hankali, domin waya ko ta tsinke duk mai gyaran keke ya san yadda zai yi da ita. Kuma sau da yawa birkin da kuke cewa ya mutu bai mutu ba, mai ne ya taɓa faifan. Ka goge shi da sifirit, ka sa sabon takalmin birki, ka gangara sau da yawa kana kamawa a hankali har su saba da juna.

Sarƙa kuma ba canji take fara nema ba, wanka take nema. Ƙurar hunturu in ta haɗu da baƙin man inji da wasunku suke malala mata, sai su zama wani ƙullu da ke cinye ƙarfe. Ka wanke, ka ɗiga man sarƙa kaɗan a kowace gaɓa, ka goge na waje da tsumma har ta kusa bushewa. Don sanin ko ta miƙe, ka ɗora ma'auni: daga wata ƙusa zuwa ta ashirin da huɗu bayanta inci 12 ne cif a sabuwar sarƙa. In ya ƙaru da kashi ɗaya cikin sha shida na inci, ka canza ta tun ba ta cinye haƙoran baya ba, waɗanda sun fi ta tsada sosai.

Yanzu ga inda kuɗin matasa yake nutsewa. Kayan keken dutse ba kamar na keken Phoenix ba ne da kowane noti yake shiga kowane keke. Kamfanoni sun yi ta sauya ma'auni, wani don ci gaba, wani kuma, a ganina, don kasuwa kawai. Faɗin wurin ƙafar baya a tsofaffin kekuna milimita 135 ne, aka koma 142, sannan 148, kuma ƙafar ɗaya ba ta zama a gurbin ɗaya. Wuyan fok na da miƙaƙƙe ne, na yanzu yana buɗewa ta ƙasa, don haka sabuwar shokazoba mai tsada tana iya ƙin shiga tsohon firam. Tun da SRAM ya fito da tsarin faranti ɗaya a gaba da giya 11 a baya a 2012, kowa yake son ya cire farantansa uku. To amma kekuna masu araha da yawa firiwil ne a bayansu mai ɗaurin zare, giya shida ko bakwai, ba za su karɓi jerin haƙoran zamani ba sai an sauya cibiyar ƙafar ko ƙafar ɗungurungum. Giya 12 ta Shimano tana da irin mazauninta, ta SRAM mai tsada tana da nata. Ka sayi abu ɗaya, ya ja maka uku. Kafin ka biya kuɗin komai, ka auna na jikin kekenka, ka ɗauki hotonsa, ka nemo sunan keken da shekararsa. Kuma giya tara mai lafiya da aka saita da kyau ta fi giya sha biyu ta jabu, ga shi sarƙarta ta fi kauri da juriya.

Wani keken ma bai cancanci a kashe masa ba, gara in faɗa muku gaskiya. Akwai masu kamannin keken dutse, da ƙaton sifirin a tsakiya da rubutu mai walƙiya, nauyi kamar na babur, waɗanda ba a yi su don dutse ba sam. Ko ka yi wa jaki kayan hawan sallah, ba zai yi sukuwa da dawakin Sarki ba. In jimillar abin da kake shirin saya ta doshi kuɗin wani keken hannu mai asali, tara kuɗin ka sayi wancan. Idan za ka saya, ka juya shi ka duba wuraren walda, musamman ƙarƙashin wuya da wajen feda. Tsaga a firam ɗin alminiyam ba abin da mai waldar bakin titi zai gyara ba ne, na kabon kuwa yana iya ɓoye rauni a ƙarƙashin fenti. Firam ɗin ƙarfe ya fi nauyi, amma shi kaɗai ne za a iya ɗinke maka a kowane gari. Hular kwano ba na sa ta cikin lissafin ƙari. Wanda ba shi da ita bai gama sayen keke ba, kuma wadda ta taɓa shan mugun duka ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba.

To, keke ya gyaru, sai tafiya. Yawancin kekunan da suka lalace a tafiya ba a kan dutse suka lalace ba, a tasha ne. Ku san yadda ake lodi: yaran mota biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a miƙa keke a kwantar da shi yadda ya zo, a ɗora buhun masara da ƙullin katifa, a jefa igiyar roba a taka da ƙafa a ja har sai motar ta yi ƙara. Ba mugunta ba ce, su a wurinsu keke ƙarfe ne, kuma keken da suka sani yana jure haka. Naka ba zai jure ba. Ka je da wuri, ka yi sallama, ka daidaita kuɗin kaya da direba tun kafin a fara lodi, ka roƙi a bar kekenka ya zama na ƙarshe a sama. Ɗan abin da za ka ƙara wa yaron mota bai kai kuɗin faifan birki ɗaya ba. In za a kwantar da shi, ɓangaren sarƙa ya kalli sama. Igiya ta bi ta kan firam, da tsumma ko kwali a tsakani, kada ta bi ta wayoyin ƙafa ko ta kan tiyon birki.

Abin da ya fi saurin lalacewa shi ne masauyin giya na baya, wanda yake leƙowa waje. Yana rataye ne a jikin wani ɗan guntun ƙarfe mai laushi da aka yi shi musamman don ya lanƙwashe ko ya karye maimakon firam. In ya ɗan karkace, giya za ta riƙa tsalle, in ya karkace da yawa masauyin ya faɗa cikin wayoyin ƙafa ya yi kaca-kaca. Da alanki mai lamba 5 za ka kwance masauyin a minti ɗaya, ka naɗe shi da tsumma ka ɗaure a jikin firam, sarƙar tana nan a jikinsa. Kuma ka nemi na ajiya na wannan guntun ƙarfe tun kana gida, domin kusan kowane firam da irin nasa. SRAM ya fito da na bai-ɗaya a 2019, amma sababbin kekuna ne suke da shi. In ka cire ƙafa a keke mai birkin mai, ka cusa kwali mai kauri tsakanin takalman birkin. Ba ka yi haka ba, wani ya matsa hannun birki a hanya, takalman su haɗe, ka isa ka kasa mayar da ƙafa.

Wanda Allah ya hore wa tafiya ta jirgin sama, ya karanta ƙa'idar kamfanin jirgin tun kafin ya sayi tikiti, ya kuma sanar da su yana da keke, domin kowane da tsarinsa. Yawanci kilo 23 ne nauyin jaka ɗaya, abin da ya haura 32 kuma da yawa ba sa karɓa ko za ka biya. Ba sai ka sayi akwati mai tsada ba, kwalin da sababbin kekuna suke zuwa a ciki yana aiki. Ka naɗa salatif a sandar sirdi don ka gane tsayinka, ka cire ƙafar gaba da kan keken da fedoji. Fedar hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta inda ake ɗaure sauran notuna, kuma mutane da yawa sun kashe zare a nan. Faifan birki ka cire su ka sa tsakanin kwali biyu. Ka sa wani abu mai tauri tsakanin ƙafafun fok don kada a matse su. Taya ka rage mata iska, amma marar tub kada ka sace ta duka, ruwan zai tsiyaye maka a kaya. Ka ɗauki hoton komai kafin ka rufe. In ka sauka ka ga ɓarna, ka kai ƙara kafin ka bar filin jirgi. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kwana bakwai kacal ta ba fasinja ya rubuta kokensa kan kayan da suka lalace. Keke mai batir kuwa ka manta da shi: iyakar batirin da ake bari fasinja ya ɗauka 100Wh ne, ko 160 da izinin kamfani, na keke kuma ya ninka haka. Ƙasashe irin su Ostareliya da New Zealand har laka suke dubawa a taya saboda ƙwayoyin cuta da irin ciyawa, don haka a wanke tas.

Ina za a je? Ba sai an tsallaka teku ba. A Ruwanda akwai hanyar Congo Nile da aka buɗe a 2011, kimanin kilomita 227 a gefen tafkin Kivu daga Rubavu zuwa Rusizi, hawa da sauka cikin gonakin kofi da ayaba, masu keke sukan yi ta a kwana biyar. Ƙasar ce ta fitar da Adrien Niyonshuti, wanda ya tsira daga kisan ƙare-dangi na 1994 yana yaro, ya kuma wakilci ƙasarsa a tseren keken dutse na Olamfik a Landan a 2012, shi ne ma ya riƙe tuta. A Afirka ta Kudu akwai Cape Epic tun 2004, kwana takwas, mutum biyu-biyu, ba a rabuwa da abokin tafiya. Ɗan ƙasar, Alan Hatherly, ya ci tagulla a Olamfik na Faris a 2024 ya kuma zama zakaran duniya a shekarar. Can Amurka ta Arewa akwai hanyar Great Divide, sama da kilomita 4,000 daga Banff a Kanada zuwa iyakar Meziko, kuma abin sha'awa, cikin masu gama ta har da masu fok marar shokazoba da masu giya ɗaya tal, saboda abin da babu shi ba ya lalacewa. Mu ma muna da namu. Jos tana sama da mita 1,200, duwatsun Shere sun haura 1,800, ga tsaunin Mambila ta wajen Gembu. Wanda ya taso daga Kano ko Maraɗi zai ji numfashinsa ya gajarta a ranar farko, ya bi a hankali.

Sai dai tafiya cikin karkararmu tana da hukuncin da babu shi a bidiyo. Kun san halin tsaro a wurare da dama, kuma taswirar waya ba ta san shi ba. Matambayi ba ya ɓata: ku tambayi direbobin tasha da 'yan acaɓa na yankin, a ranar da za ku bi hanyar, ba labarin makon jiya ba. In sun ce kada ku bi, magana ta ƙare. Kada ka tafi kai kaɗai, ka bar wa wani a gida sunan garuruwan da za ka ratsa, ka kuma shiga masauki kafin magariba. Idan za ku kwana a ƙauye, ku fara da ƙofar mai gari ku gabatar da kanku. Baƙo mai hular kwano da baƙin tabarau da matsattsun kaya abin tsoro ne ga wanda bai taɓa gani ba, don haka ku cire tabarau, ku sauka daga keke, ku ɗora riga ko dogon wando a kan kayan tseren kafin ku shiga cikin mutane. Da damina kada ku ratsa shuka don gajarta hanya. In kun haɗu da garke ku tsaya ya wuce, shanu ba su saba da abin da ke zuwa da gudu babu ƙara ba. Ku tashi da asuba, ku huta daga lokacin da hantsi ya yi zafi zuwa la'asar, ku ɗauki ruwa fiye da yadda kuke zato, da ƙullin gishiri da sukari irin na asibiti.

Jakar gyara ba ta da yawa: famfo, tub biyu ko da tayarka marar tub ce, kayan faci, alanki, abin yanke sarƙa da mahaɗin sarƙa daidai da adadin giyarka, takalmin birki, wayar giya, da guntun ƙarfen nan na ajiya. Amma kayan aiki a hannun wanda bai taɓa amfani da su ba nauyi ne kawai. Kafin ranar tafiya ka zauna a tsakar gida ka cire taya ka mayar, ka yanke sarƙa ka haɗa, har hannunka ya san hanya. Kada kuma ka sa sabon abu a daren tafiya. Duk abin da ka canza, ka hau shi mako biyu tukuna, musamman sirdi.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da nake so kowannenku ya saya tun yau. Yawancin kekunan dutse masu kyau bawul ɗinsu siriri ne mai ɗan noti a ka, wanda ake kira Presta, mai facin bakin hanya kuwa bakin injinsa na bawul ɗin mota da babur ne. Za ka same shi a gindin dalbejiya da injinsa yana ta ruri, ya juya bawul ɗinka ya sake juyawa, ya ce maka wannan kam sai dai Legas. Ana sayar da wani ɗan mahaɗin tagulla, bai kai kan ɗan yatsa ba, wanda ake ɗaurawa a kan siririn bawul ya karɓi bakin injin. Ka sayi biyu, ɗaya a jaka, ɗaya a ɗaure a kan bawul ɗin ƙafar baya. In za a buga maka iska kuma ka riƙe tayar da hannunka ka ce ya isa da wuri, domin injin da aka saita wa tayar tirela ba ya jiran tayar keke.